Tarihin Inshorar Bashi a Birtaniya: Yadda Bankuna Suka Tatsi Jama'a, da Yadda Aka Karɓo Kuɗin

Asalin abin, 1910 zuwa 1974

Tun da aka fara ba da bashi ake da fargaba guda: in wanda ya ci bashin ya mutu, ko ciwo ya kwantar da shi, ko aiki ya kuɓuce masa, wa zai biya? Wannan fargaba ce ta haifi inshorar bashi. Masu bin diddigin harkar sukan kai farkonta ga wani lauya Ba'amurke mai suna Arthur Morris, wanda ya buɗe bankin ba wa ƙananan ma'aikata rance a birnin Norfolk na jihar Bajiniya a 1910. A 1917 ya kafa kamfanin inshora da nufin idan mai bashi ya rasu kamfanin ya biya ragowar, kada a bi matarsa da 'ya'yansa ko waɗanda suka tsaya masa. Manufa ce mai kyau, kuma ya kamata a riƙe wannan tun daga farko, domin abin da ya faru daga baya a Birtaniya laifin yadda aka sayar da inshorar ne da irin ribar da aka ɗora mata.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, iyalan Birtaniya suka saba da sayen firji da talabijin da mota ana biya kaɗan-kaɗan. A 1966 bankin Barclays ya fito da Barclaycard, katin bashi na farko a ƙasar, a 1972 wasu bankuna suka haɗa kai suka fito da nasu mai suna Access. A 1974 majalisa ta zartar da Dokar Bashin Masu Saye, wadda bayan shekara 40 za ta zama makamin da aka kayar da bankuna da shi. A cikin waɗannan shekaru ne inshorar da ake kira PPI ta fara bin bashi. Alkawarinta a sauƙaƙe yake: ka riƙa biyan wani abu a kan bashinka, in haɗari ko rashin lafiya ko sallama daga aiki ya same ka, kamfanin inshora zai ɗauki biyan wata-wata, galibi har tsawon shekara guda.

Shekarun buɗe ƙofar bashi, 1980 zuwa 1997

Gwamnatin Margaret Thatcher ta sassauta takunkumin da ke kan ba da bashi. A 1982 aka soke dokokin da suka ƙayyade sayen kaya da biya kaɗan-kaɗan, a 1986 kuma aka ba ƙungiyoyin ba da rancen gida damar shiga harkokin da a da na bankuna ne kaɗai. Masu ba da bashi suka yi yawa, kowa na zawarcin mai karɓa. Sai tattalin arziki ya karye a farkon shekarun 1990. A 1991 kaɗai an ƙwace gidaje sama da 75,000 daga hannun waɗanda suka kasa biyan bashin sayen gida. Tsoro ya shiga zukatan mutane, kuma tsoro ne mai dalili.

Gwamnati ita ma ta ƙara tura jama'a wajen masu inshora. Daga Oktoban 1995, wanda ya ci sabon bashin gida sannan ya rasa aiki sai ya jira mako 39 kafin gwamnati ta fara taimaka masa da biyan kuɗin ruwa. Saƙon a fili yake: kowa ya nemi inshora ya rufa wa kansa asiri.

A nan ne bankuna suka gano abin da ya sauya komai. Gasar da ke tsakaninsu ta sa kowanne yana tallan kuɗin ruwa mai sauƙi don ya jawo mutane, har ribar bashin kanta ta ragu ƙwarai. Amma mutumin da ya zo karɓar bashi ba ya zagaya kasuwa yana taya inshora. Yana zaune gaban ma'aikacin banki, hankalinsa na kan ko za a ba shi ko ba za a ba shi ba, duk abin da aka haɗa masa da shi zai sa hannu. Saboda haka banki ke yanka farashin inshorar yadda ya ga dama, ya ba kamfanin inshora ɗan abin da ya sawwaƙa, ya riƙe saura a matsayin la'ada. Hukumar da ke sa ido kan harkokin kuɗi ta ƙiyasta daga baya cewa an sayar da inshorar PPI har miliyan 64, mafi yawanta tsakanin 1990 da 2010, kuma a kan bashin banki da katin bashi la'adar da masu ba da bashi ke ɗauka ta kai kashi 67 cikin 100 a matsakaici.

Yadda ake sayarwa

Cutar ta zo ta hanyoyi da yawa, kuma sai an dube su kusa ake gane girman abin. Wani a gaya masa ba za a amince da bashinsa ba sai ya karɓi inshora, alhali ba dole ba ce. Wani ba a ma gaya masa komai ba: ya tambayi nawa zai riƙa biya a wata, aka faɗa masa adadi guda da inshorar a ciki, ya tafi gida bai san ya sayi wani abu ban da bashi ba. A takardun neman katin bashi da shafukan intanet, sau da yawa an riga an saka alamar amincewa a akwatin inshora, sai mai lura ne zai cire ta. A katin bashi kuwa galibi kuɗin ba ya kai fam ɗaya a kan kowane fam 100 da ake bin mutum, yana fitowa a layi ɗaya cikin takardar lissafin wata, ya yi ta tafiya shekara da shekaru ba wanda ya kula.

Mafi muni shi ne sayar wa mutanen da tun ranar farko ba za su taɓa cin moriyarta ba. An sayar da inshorar rasa aiki ga 'yan fansho da ɗalibai da waɗanda dama ba su da aiki. An sayar wa masu sana'ar kansu, direban tasi ko mai gyaran famfo, alhali sharuɗɗan da ke bayan takarda sun ce sai sana'ar ta rushe gaba ɗaya za a saurare su. An sayar wa masu tsohon ciwo ba tare da an tambaye su lafiyarsu ba, ga shi sharaɗi ya cire duk ciwon da mutum ke da shi kafin ya saya. Ciwon baya da matsalar damuwa, waɗanda suna cikin manyan abubuwan da ke hana ma'aikata zuwa aiki a ƙasar, inshorori da yawa sun cire su ko sun tsaurara sharuɗɗansu. Akwai kuma ma'aikatan gwamnati da na asibitoci waɗanda wurin aikinsu ke biyansu albashi na watanni in sun kwanta ciwo, su ma aka ɗora musu abin da ba su bukata.

Sai nau'in da ake biya a dunƙule. Maimakon mutum ya riƙa biyan inshorar wata-wata, sai a lissafa kuɗinta na shekaru gaba ɗaya, a tara a kan bashin, ya riƙa biyan kuɗin ruwa a kan inshorar ma. In ya biya bashinsa da wuri, abin da ake mayar masa bai taka kara ya karya ba. Wani lokaci bashin na shekara goma ne, inshorar ta shekara biyar, mutum ya ci gaba da biyan kuɗin kariyar da ta riga ta ƙare.

Ba na ganin adalci ne a ɗora wa ma'aikacin kanta laifin duka. An ɗaura masa adadin da zai sayar, an rataya ladansa da ci gabansa a kan hakan, an koya masa amsar da zai ba duk wanda ya ce ba ya so. Waɗanda suka tsara wannan suna sama, kuma alƙaluman ribar suna zuwa teburinsu.

Gargaɗin da aka yi wa kunnen uwar shegu, 1998 zuwa 2005

Mujallar kare masu saye mai suna Which? ta fara kuka da PPI tun 1998, tana cewa ta yi tsada kuma sharuɗɗanta sun cire mutane da yawa. Jaridu suka riƙa ɗauko labarin jefi-jefi. Amma a lokacin masu sayar da inshora su ne ke sa ido a kan kansu, ƙarƙashin tsarin sa-kai da ba shi da haƙoran cizo. Sai a ranar 14 ga Janairun 2005 hukumar FSA, mai kula da harkokin kuɗi, ta karɓi ikon sa ido kan sayar da irin wannan inshora. Shekara bakwai ke nan tsakanin gargaɗi da samun mai iko, kuma a cikinsu ne kasuwar ta fi bunƙasa.

A Satumban 2005 ƙungiyar Citizens Advice, wadda ofisoshinta ke ba talakawa shawara kyauta, ta tattara abin da ma'aikatanta ke gani kullum ta kai babban ƙorafi ga ofishin kula da adalcin ciniki, OFT. Rahotonta ya nuna inshorar na iya ƙara daga kashi 13 har zuwa kashi 56 cikin 100 a kan kuɗin da aka ranta. A Nuwamban shekarar FSA ta fitar da sakamakon bincikenta na farko, wanda ya tabbatar da cewa ana sayarwa ba bisa ƙa'ida ba.

Bincike da tara, 2006 zuwa 2009

A Fabrairun 2007 OFT ta miƙa batun ga Hukumar Gasar Kasuwanci, ita kuma ta shiga littattafan bankuna. Abin da ta fito da shi ya kashe bakin masu musu. A inshorar mota, cikin kowane fam 100 da aka karɓa ana mayar da kusan 78 ga waɗanda suka yi haɗari. A inshorar gida kusan 54. A PPI ta bashin banki 15 ne kacal, a ta katin bashi 11. Hukumar ta lissafa cewa a 2006 kaɗai manyan masu sayarwa 12 sun ci ribar da ta wuce ƙima da fam biliyan 1.4.

FSA kuma ta fara cin tara. Ta fara da ƙananan kamfanoni a 2006, ta ci GE Capital Bank fam 610,000 da Capital One fam 175,000 a farkon 2007, HFC Bank sama da fam miliyan ɗaya a Janairun 2008. Har kamfanin sayar da kujeru, Land of Leather, bai tsira ba, domin shi ma yana liƙa inshorar a kan bashin sayen kujera. Mafi girma a wannan zango ita ce fam miliyan 7 da aka ci bankin Alliance & Leicester a Oktoban 2008. Hukumar ta gano bankin ya sayar da inshora kusan 210,000 ta waya cikin shekara uku, kowace a kan fam 1,265 a matsakaici, kuma ya horar da ma'aikatansa su matsa wa duk wanda ya tambayi dalilin saka masa ita. Duk wanda ya ninka waɗannan alƙaluma biyu zai ga tarar ba ta kai ko kashi 3 cikin 100 na kuɗin da aka karɓa ba. Irin wannan hukunci ba ya hana kowa komai.

A Janairun 2009 Hukumar Gasa ta ba da rahotonta na ƙarshe: a hana nau'in biya a dunƙule, a kuma hana sayar da inshorar a zaman da ake ba da bashi, sai bayan kwanaki, don mutum ya samu sararin tunani da kwatanta farashi. Barclays ya ƙalubalanci wannan, abin ya ja har sai 2012 haramcin ya fara aiki sosai. Amma FSA ta riga ta nemi a daina sayar da na dunƙule a kan bashin da ba jingina daga ƙarshen Mayun 2009. Kasuwar ta fara mutuwa. Saura tambayar kuɗin da aka riga aka karɓa.

Shari'ar 2011

Tun 2001 akwai ofishin raba gardama tsakanin jama'a da kamfanonin kuɗi, Financial Ombudsman Service, wanda kai ƙara gare shi kyauta ne, hukuncinsa kuma dole ne a kan kamfani in mai ƙorafi ya karɓa. Koke-koken PPI suka fara kwarara can, domin bankuna na watsi da yawancinsu. A shekarun 2008 zuwa 2010, cikin kowane ƙorafi goma da ofishin ya duba, kusan tara mai ƙorafi ne ke da gaskiya. Wannan ya nuna bankuna na ƙin biya ne da sanin cewa mutane da yawa za su gaji su haƙura.

A Agustan 2010 FSA ta fitar da ƙa'idojin duba koke-koke, ta kuma ce in banki ya ga kuskuren ya zama ruwan dare a tsarinsa, ya nemi sauran waɗanda abin ya shafa ko da ba su yi ƙorafi ba. Ƙungiyar bankunan Birtaniya, BBA, ta garzaya Babbar Kotu a Oktoba, tana cewa ana auna cinikin jiya da ma'aunin yau. Bankuna da dama suka jingine koke-koken jama'a suna jiran hukunci. A ranar 20 ga Afrilun 2011 Mai Shari'a Ouseley ya yi watsi da ƙarar. Hujjarsa ita ce wajibcin yi wa abokin ciniki adalci da gaya masa gaskiya yana cikin manyan ƙa'idojin hukumar tun da daɗewa, bai zama sabon abu ba.

Ana sa ran ɗaukaka ƙara, sai Lloyds, wanda ya fi kowa sayar da inshorar, ya balle daga sahu. Sabon shugabansa António Horta-Osório, wanda ya kama aiki a Maris, ya sanar a ranar 5 ga Mayu cewa bankin ya ware fam biliyan 3.2 don biyan diyya. Cikin kwana huɗu sauran suka miƙa wuya, BBA ta janye. Barclays ya ware fam biliyan ɗaya, RBS fam miliyan 850. A lokacin an ɗauka waɗannan kuɗi sun isa. Na Lloyds kaɗai daga ƙarshe ya kusa fam biliyan 22.

Ambaliyar koke-koke, 2011 zuwa 2015

A waɗannan shekaru hanyar karɓo kuɗin ba ta da wuya. Mutum ya binciko tsohuwar takardar bashinsa ko ta lissafin katinsa, ya duba ko akwai layin inshora, wadda sau da yawa ake saka mata wani suna mai daɗi kamar kariyar biya ko kariyar kati. In takardu sun ɓata, ya tambayi bankin. Sai ya rubuta wasiƙa ko ya cike fom ya faɗi abin da ya faru: me aka gaya masa ranar, wane aiki yake yi, yana da ciwo ko babu. Banki na da mako takwas ya amsa. In ya ƙi, ko amsar ba ta gamsar ba, mutum na da wata shida ya kai wa ofishin raba gardama. In an ba shi gaskiya, za a mayar masa da kuɗin inshorar, da kuɗin ruwan da ya biya a kanta, da ƙarin kashi 8 cikin 100 na kowace shekara saboda an riƙe masa dukiyarsa. In kamfanin ya rushe, akwai asusun FSCS da ke biya a madadinsa. Magada na iya nema a madadin mamaci, wanda ya bar ƙasar ma haƙƙinsa bai faɗi ba. Ɗan jarida Martin Lewis, ta shafinsa na MoneySavingExpert, da mujallar Which? sun wallafa samfurin wasiƙa kyauta, mutane miliyoyi suka sauke.

Duk da haka wata sabuwar sana'a ta tsiro a gefen wannan haƙƙi. Kamfanonin karɓo diyya suka cika rediyo da talabijin da talla, suka addabi jama'a da kiran waya da saƙonni dare da rana. Aikinsu bai wuce cike fom ɗin da mutum zai iya cikewa da kansa ba, amma suna yanke kashi 25 zuwa 30 cikin 100, ban da haraji. Ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ƙiyasta cewa tsakanin Afrilun 2011 da Nuwamban 2015 sun kwashi fam biliyan 3.8 zuwa biliyan 5 daga diyyar mutane. A 2017 an ci wani kamfani, Keurboom Communications, tarar fam 400,000 saboda kiran waya na na'ura kusan miliyan 100, ciki har da na PPI. Sai a Yulin 2018 doka ta ƙayyade ladansu kada ya wuce kashi 20.

Bankuna sun yi ta kuka da waɗannan kamfanoni, suna cewa ana turo musu ƙorafi a kan inshorar da ba a taɓa sayarwa ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai su suka buɗe musu ƙofa. Da sun nemi mutanen da suka cuta sun biya su da kansu, da dillali bai samu wurin tsayawa ba. Abin da aka kama wasunsu suna yi ya fi haka muni. A Afrilun 2015 hukumar FCA, wadda ta gaji FSA a 2013, ta ci bankin Clydesdale tarar fam miliyan 20.6, bayan ta gano wasu ma'aikatansa sun sauya takardun da aka buga daga kwamfuta don su nuna wa ofishin raba gardama cewa babu bayanan da ake nema. A Yunin shekarar ta ci Lloyds fam miliyan 117, saboda an umurci masu duba koke-koke su ɗauka tun farko cewa tsarin sayarwar bankin daidai yake. Shi kuwa ofishin raba gardama ya karɓi ƙorafin PPI kusan 400,000 a shekarar 2013 zuwa 2014 kaɗai, har ya ɗauki sababbin ma'aikata dubbai.

Ana yawan cewa kuɗin diyyar ne ya farfaɗo da cinikin motoci a Birtaniya a waɗannan shekaru, wai mutane na karɓa su ba da kafin alƙalami a sabuwar mota. Zance ne da ya zaga jaridu da bakin wasu masana tattalin arziki, kuma matsayinsa na hasashe ne. Abin da ke rubuce shi ne adadin da aka biya wata-wata, wanda a yawancin watannin 2012 ya wuce fam miliyan 400.

Shari'ar Plevin, 2014

A 2006 wata malamar kwaleji mai suna Susan Plevin, wadda mijinta ya rasu, ta karɓi bashin fam 34,000 daga kamfanin Paragon ta hannun wani dillali. Aka ɗora mata inshora ta fam 5,780 a dunƙule, ta shekara biyar a kan bashin shekara goma. Daga cikin wannan kuɗi, fam 1,630 ne kawai ya isa kamfanin inshorar. Dillali ya ɗauki 1,870, Paragon ya ɗauki 2,280. Wato kashi 71.8 cikin 100 la'ada ce, kuma ba wanda ya gaya mata.

Ƙa'idojin lokacin ba su tilasta a faɗi la'ada ba, kuma da wannan hujja Kotun Ɗaukaka Ƙara ta taɓa ba wani mai ba da bashi gaskiya a wata shari'ar. Amma a 2006 majalisa ta ƙara sashe na 140A a dokar nan ta 1974, wanda ya ba kotu ikon shiga tsakani in alaƙar mai bashi da mai ba da bashi ta zama ta rashin adalci. A ranar 12 ga Nuwamban 2014 Kotun Ƙoli, ta bakin Lord Sumption, ta ce ɓoye la'ada mai girman haka ya sa alaƙar ta zama ta rashin adalci, domin duk mai hankali da ya ji adadin zai tsaya ya tambayi ko abin ya cancanci kuɗinsa. Allura ta tono garma. Yanzu ko wanda ya san ya saya, ya kuma dace da sharuɗɗan, yana da hujja, har da waɗanda aka riga aka yi watsi da ƙorafinsu.

FCA ta mayar da hukuncin ƙa'ida a 2017, amma ta ja layi a kashi 50: abin da ya haura rabi kaɗai za a mayar. A ganina wannan rangwame ne ga bankuna, domin kotu ba ta ce rabi halal ne ba.

Wa'adi, 2017 zuwa 2019

Bankuna sun daɗe suna roƙon a saka ranar rufe ƙofa, don masu hannun jari su san iyakar asarar. A Maris na 2017 FCA ta amince, ta saka 29 ga Agustan 2019. Ƙungiyoyin kare masu saye sun soki matakin, suna cewa an ɗora wa wanda aka cuta nauyin ganowa da nema cikin ƙayyadadden lokaci, wanda ya yi cutar kuma yana zaune da sunayensu a kwamfutarsa. An kashe sama da fam miliyan 42, daga aljihun kamfanoni 18, wajen tallan wayar da kai, inda aka yi amfani da mutum-mutumin kan jarumin fim Arnold Schwarzenegger a kan tayoyi yana bin mutane yana ce musu su yanke shawara.

Makonnin ƙarshe sun zarce duk lissafi. Lloyds ya ce a watan Agusta yana samun tambayoyi 600,000 zuwa 800,000 a kowane mako, har ya dakatar da shirin sayen hannayen jarinsa ya ƙara ware kuɗi. Shafukan intanet na wasu bankuna suka riƙa tsayawa a ranar ƙarshe. A rahotonta na Afrilun 2020, FCA ta ce an shigar da ƙorafi miliyan 32.4, an biya sama da fam biliyan 38. In an haɗa da kuɗin ma'aikata da gudanarwa, abin da bankuna suka ware ya kai wajen fam biliyan 50. Ba a taɓa biyan diyya mai yawan haka ga masu hulɗa da bankuna a tarihin ƙasar ba. A ɓangaren shugabanni kuwa, abin da aka fi tunawa shi ne rage ladan ƙarshen shekara da Lloyds ya yi wa tsohon shugabansa Eric Daniels da wasu daraktoci a 2012. Asarar ta faɗa kan masu hannun jari, ciki har da masu biyan haraji, tunda gwamnati ta sayi kaso mai yawa na Lloyds da RBS lokacin da ta cece su a rikicin kuɗi na 2008.

Bayan wa'adi

Wa'adin ya rufe ƙofar ƙorafi ga banki da ofishin raba gardama, amma bai rufe ta kotu ba. Lauyoyi suka ci gaba da shigar da ƙara kan ɓoyayyiyar la'ada, wasu alƙalai kuma suka ba da umurnin a mayar da ita gaba ɗaya, har da rabin da FCA ta bar wa bankuna. A Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Smith da RBS cewa lokacin shigar da ƙara yana fara ƙirguwa ne daga ranar da alaƙar bashin ta ƙare, ko da an daina biyan inshorar tun da daɗewa. Wata guda bayan haka, a shari'ar Canada Square da Potter, inda la'adar ta haura kashi 95 cikin 100, ta ce kamfanin da ya ɓoye abu da gangan ba zai fake da cewa lokaci ya wuce ba. Wasu kuma suka koma neman harajin kashi 20 da aka cire daga ƙarin kashi 8 na diyyarsu, wanda da yawansu ba su kai matakin biyansa ba, ta hanyar fom na R40 cikin shekara huɗu.

Sashe na 140A bai tsaya a kan inshora ba. A ranar 1 ga Agustan 2025 Kotun Ƙoli ta yi amfani da shi a shari'ar bashin sayen mota, ta ba wani mai suna Johnson gaskiya a kan kamfanin FirstRand, saboda la'adar da aka biya dillalin motar ba tare da an bayyana masa ba ta kai kashi 55 cikin 100 na dukan kuɗin da bashin ya ci masa.